Rotil ɗin ƙasa a tsohuwar Prado: amsa ga mai tambaya daga Marwa

Wani bawan Allah daga Marwa ta arewacin Kamaru ya aiko da wannan tambaya: "Ina da Prado 95 ƙirar 1999, ina zirga-zirga da ita tsakanin Marwa da Kusiri, wani lokaci har Njamena. In ta taka rami sai in ji ƙwas-ƙwas ta gaban dama, tayar wannan gefen tana cinyewa ta ciki, kwanan nan kuma sitiyari ya fara tauri. Bara aka canza mini rotil, ga shi ya sake lalacewa. Makanikena ya ce zai daddake shi ya matse, ya ɗura giris, zai kai ni bayan damina. In yarda?"

Alhaji, kada ka yarda. Ban faɗi haka don in ɓata wa makanikenka suna ba, mai yiwuwa tausayin aljihunka ya ji. Amma a wannan motar taka, rotil ɗin ƙasa ba ya cikin kayan da ake lallaɓawa. Alamu ukun da ka lissafa, musamman taurin sitiyarin, sun isa in ce ka ajiye ta, kada ta sake hawa hanyar Mora sai an sauke ƙafar gaba an duba.

Rotil, wanda in ka je sayensa a Mubi ko Kano za ka ce bol join, ƙwallon ƙarfe ce mai dogon wuya, zaune cikin ƙoƙon ƙarfe. A cikin ƙoƙon akwai shimfiɗar roba mai tauri da giris, an rufe bakinsa da rigar roba don kada yashi da ruwa su shiga. Shi ke haɗa hannu, wato ƙarfen da ya miƙo daga shasi zuwa taya, na sama ko na ƙasa, da ƙarfen da taya ke jikinsa, yana barin taya ta yi sama da ƙasa a kan rami, ta kuma juya dama da hagu in ka murɗa sitiyari. Motarka tana da guda huɗu a gaba, sama da ƙasa a kowane gefe. Na saman riƙe kan taya kawai yake yi kada ya karkace. Na ƙasan shi ke ɗauke da nauyin gaban mota, domin sifirin da shokazoba a kan hannun ƙasa suke zaune.

Ga inda Prado ɗinka ta bambanta da sauran. Ka ɗauki turmi da taɓarya. A motoci da yawa nauyin mota danna taɓaryar yake yi cikin turmi, ko wurin ya cinye ya yi sako-sako, ƙara zai yi ta yi amma yana nan zaune. A Prado 90 da 95, waɗanda aka ƙera daga 1996 zuwa 2002, da 'yan uwansu 4Runner da Hilux Surf na wannan zamanin, an kifa abin: nauyin motar jan taɓaryar yake yi waje. Ko motar tana tsaye a inuwa ana jan ƙwallon. Abin da ya hana ta fita shi ne ɗan leɓen ƙoƙon nan kaɗai. Ranar da leɓen ya cinye, ba a hankali za ta fita ba, fit ɗaya ne.

In ta fita, hannun ƙasa ya faɗi ya caki hanya, taya ta kwanta ta shige ƙarƙashin mota, shaf ɗin gaba mai juya taya ya zare daga mazauninsa, sau da yawa tiyon birki ya tsinke. Ƙari a kan haka, a wannan ƙirar tayirod, wato sandar da ke kai murɗin sitiyari ga taya, a jikin ƙoƙon rotil ɗin yake ɗaure, don haka sitiyari ma ya tashi aiki a wannan gefen. Duk wanda ya daɗe yana bin hanyoyinmu ya taɓa ganin Prado a gefen titi ta durƙusa, taya ɗaya a kwance. Yawanci yana faruwa ne a tafiyar hankali, wajen shan kwana ko hawa tudun rage gudu, shi ya sa mutane da yawa suke tsira su ba da labari. Amma babu wanda ya yi maka alkawarin haka. Idan a kan gudu ne tsakanin Waza da Dabanga, ga iyali a ciki, ga tirela tana tahowa, ba zancen kuɗin gyara ake yi ba kuma.

Kamfanin da kansa ya san wurin nan da rauni. A 2005 Toyota ta kira motoci fiye da 700,000 a Amurka su koma a canza musu rotil ɗin ƙasa, cikinsu har da 4Runner ƙirar 2001 da 2002, saboda ƙwallon ta samu ƙarzuwa tun a masana'anta. Ka lura, ƙarzuwa kawai, wadda da ƙyar ido zai gani. Motarka ba ta cikin wannan kiran, na kawo shi ne don ka auna: in ƙarzuwa ta isa a tara motoci haka, ina ga dukan guduma? Da aka fito da Prado 120 a 2002 sai aka juya ƙirar, nauyi ya koma danna ƙwallon ciki. Ba Toyota kaɗai ba ce, Jeep ma ta kira motocinta ƙirar Liberty a 2006 kan rotil ɗin ƙasa.

Abin da daddakawa ke yi shi ne wannan. Wasan da ke cikin rotil ya samo asali ne daga cinyewar robar ciki da ƙwallon kanta. Guduma ba ta mayar da abin da ya cinye. Leɓen ƙoƙon take lanƙwasawa ya cije ƙwallon, sai ƙarar ta ɗauke na 'yan makonni, mai mota ya ji daɗi. Amma leɓen da aka doka ya yi rauni, wani lokaci har da tsagewar da ba a gani, kuma shi ne fa kaɗai ke riƙe da nauyin. An kashe ƙarar da ke yi maka gargaɗi, an kuma raunana abin da ke riƙe da kai. Walda ta fi wannan muni, domin zafi yana narkar da robar ciki, ya ƙone giris, ya canza taurin ƙarfen. Giris da ake ɗurawa da sirinji yana da amfani ga rotil mai lafiya wanda ya fara bushewa. Ga wanda ya riga ya cinye, sanyaya murya kawai yake yi.

Taurin sitiyarin da ka ambata shi ya fi tayar mini da hankali. Mutane sun saba jiran ƙara, amma rotil ɗin da ake ja ba lallai ya yi ƙara ba, tun da nauyin motar ya ɗaure ƙwallon a wuri ɗaya. Abin da yakan fara nunawa shi ne sitiyari ya yi nauyi, ko ka sha kwana ya ƙi dawowa tsakiya da kansa, ko ka ji wani ƙiii in ana murɗa shi a tsaye. Wannan yana nufin giris ya ƙare, tsatsa ta shiga, ƙarfe yana cin ƙarfe. Haƙiƙa famfon sitiyari ko ƙarancin mansa ma suna kawo tauri, a duba su. Amma in tauri ya haɗu da ƙara da cin taya duk a gefe ɗaya, ni rotil nake fara tuhuma.

Yadda ake duba shi ma yana da ƙa'ida, kuma nan ne garejoji da yawa ke kuskure. Ana sa jak a shasi, taya ta rataya, a girgiza ta da hannu, a ce lafiya ƙalau. Hannu ba ya iya motsa abin da sifirin ya danne. Abin da ya dace shi ne a sa jak a ƙarƙashin hannun ƙasa, kusa da taya gwargwadon iko, a ɗaga har taya ta bar ƙasa da kamar yatsu uku, a tokare shasi da abin tokare mai ƙarfi don tsaro. Sannan mutum ɗaya ya sa doguwar liba ƙarƙashin taya yana ɗagawa yana saki, wani kuma ya sa fitila da ido a kan rotil ɗin. Duk motsin da ido ya gani tsakanin ƙoƙon da hannun ƙasa, a wurina ya isa hukunci. Ka tsaya a wurin ka gani da idonka, Alhaji, motarka ce. Ka duba rigar robar kuma. In ta yage, ko ka ga jar ƙura ta tsatsa a bakinta, ko babu wasa kwanansa ya kusa.

Tun da an ɗaga motar, a ƙarasa binciken, domin ba kowane ƙwas-ƙwas ne rotil ba. A kama taya sama da ƙasa a girgiza. In akwai wasa, wani ya taka birki a sake girgizawa: in wasan ya ɓace boris ɗin taya ne, in yana nan rotil ne ko bushin. A kama ta gaba da baya a girgiza, wasan da aka ji a nan na tayirod ne ko na rak ɗin sitiyari, kuma robobin da ke riƙe rak a wannan motar suna yawan mutuwa. Ƙananan sandunan istabilaiza, wato ƙarfen da ke hana mota kwanciya a kwana, da robobinsu su ne suka fi kowa surutu a kan gargada, su ne kuma mafi araha. Su in an yanka musu roba daga tsohuwar taya don a kai gida, ba ni da ja. Bushin ɗin hannuwa in ya tsage, mota takan ja gefe ɗaya in an taka birki, ta riƙa yawo a kan titi.

Saura babbar tambayar da ke cikin tambayarka: me ya sa wanda aka sa bara ya mutu cikin shekara ɗaya? Rotil na asali yakan yi shekaru ko a hanyoyinmu. Wanda ya mutu da wuri haka, ko dai shi kansa ba na kirki ba ne, ko kuwa akwai abin da ke kashe shi.

Na farkon shi ya fi yawa. Kasuwa cike take da jabu, kwali ja da fari, tambari daidai, lambar kaya daidai, abin da ke ciki kuwa ƙarfe mai laushi da ɗan giris kaɗan da rigar roba da rana za ta fasa kafin Sallah. Ko daga Camp Yabassi na Duwala kayan suka taso, ko daga Ƙofar Ruwa ta Kano, ko daga Dubai, akwai na kirki akwai na banza, kwali ba ya rarrabe su. Har mai tambarin 555 na Japan, wanda asalinsa kaya ne mai kyau, ana buga jabunsa. Ga wannan wuri guda ɗaya a jikin wannan motar, shawarata ka je wurin wakilin Toyota da lambar shasinka ka sayi na asali, ko da zai ninka na kasuwa sau da yawa. Rotil na sama, tayirod, bushin, waɗannan ana iya sa na kamfanonin kirki daga hannun ɗan kasuwar da ka amince da shi. Na gwanjo da aka kwanto daga motar Beljiyam kuwa, kada ka kusance shi. Ba ka san kilomita nawa ya yi ba, ba ka san gishirin titi nawa ya sha a lokacin sanyinsu ba.

Na biyun, abin da ke kashe shi, shokazoba ce a sahun gaba. Mutane suna ɗaukar ta kayan jin daɗi, in mota ba ta cika tsalle ba sai a bar ta shekara da shekaru. Aikinta shi ne ta shanye dukan hanya ta hana taya rawa. In ta mutu, kowane rami kai tsaye yake sauka a kan rotil da bushin. Ka tuna hanyar da kake bi. Daga Mora zuwa Kusiri wajen kilomita 200 ne, kuma kowa ya san abin da manyan motocin da ke kai kaya Chadi da ruwan damina suke yi wa wannan shimfiɗar. A kan gargada taya tana sama da ƙasa sau da dama cikin daƙiƙa guda. Gane matacciyar shokazoba ba wuya: jikinta ya jiƙe da mai, ko tayar ta cinye tudu da kwari in ka shafa ta da tafin hannu, ko ka danna gaban motar ka saki ta yi ta lilo. Akwai kuma gwajin da direbobin daji suka sani. Bayan ka yi tafiya mai ɗan nisa a kan gargada, ka tsaya ka kai bayan hannu kusa da jikin kowace shokazoba a hankali, don wata tana iya ƙuna. Mai aiki za ka ji ta da zafi. Wadda ka tarar da sanyi ta daɗe da mutuwa.

Sai rigar roba. Zafin Maris da Afrilu, da yakan wuce digiri 40 a Marwa da Kusiri, yana busar da ita ta tsattsage. Damina ta zo, ka ratsa mayo, wato rafi, ruwa da yashi su shige ta tsagar. Baƙar laka ta karal kuma in ta manne ta bushe a wurin, tana yaga robar da zarar an murɗa sitiyari. Yashi in ya gauraya da giris, goge ƙwallon yake yi dare da rana. Rigar da ta yage yau, in aka gan ta da wuri kuma babu wasa, ana iya wankewa a sake giris a sa sabuwa. Wadda ta yi wata guda a buɗe a damina, a canza rotil ɗin gaba ɗaya.

Akwai kuma abin da mu da kanmu muke jawowa. Lodi fiye da ƙima, buhunan gero a baya, jarkoki a sama, mutum tara a ciki. Ƙaton ƙarfen kariya da ake ƙera wa gaban mota, wanda nauyinsa kai tsaye yake hawa kan rotil ɗin ƙasa. Manyan tayoyi masu faɗi da suka fi na asali. Da iskar taya: masu faci da yawa da kunne suke aunawa, su ɗura har taya ta yi tauri ƙam, alhali abin da aka rubuta a takardar da ke manne jikin ƙofar direba bai yi nisa da kilo 2 ba. Taya ita ce ta fara shanye dukan hanya, in ta sandare sai dukan ya wuce sama gaba ɗayansa. Ka sayi ma'aunin iska naka ka ajiye a mota, ka riƙa aunawa da safe kafin taya ta yi zafi.

Idan za a yi aikin, ga yadda nake so ka tsaya a kai. A canza dama da hagu tare, domin hanya ɗaya suka bi. Notuna huɗun da ke ɗaure ƙoƙon a jikin ƙarfen taya a sa sababbi na asali, kada a mayar da tsofaffi, kada kuma a ɗauko wasu daga gwangwanin gareji don zarensu ya yi daidai. Su ma nauyin motar a kansu yake, kuma akan samu Prado da ta durƙusa rotil ɗinta lafiya lau, notunan ne suka kwance ko suka guntule. A wanke ramukansu, a shafa maganin da ke hana noti kwancewa, a ɗaure da sifana mai awo gwargwadon abin da littafin motar ya ce. Ɗaurewa da dogon bututu har sai yaro ya hau kai miƙar da noti yake yi ya raunana shi. Babban notin wuyan ƙwallon a sa masa fin ɗinsa sabo a lanƙwasa ƙafafunsa, ba ƙusa ba, ba waya ba. In an taɓa bushin ɗin hannuwa, ba a ƙarasa ɗaure su sai an sauke motar nauyinta ya zauna a kan tayoyi, in ba haka ba robar tana murɗe tun ranar farko, ba za ta daɗe ba. Daga nan a wuce wurin saitin tayoyi na na'ura. Tayar da ta riga ta cinye ta ciki ba za ta gyaru ba, in zare ya fara leƙowa a cire ta. Bayan tafiyar farko mai nisa ka koma a sake taɓa notunan nan huɗu.

Na san kuɗin duka a lokaci ɗaya yana da nauyi. In sai an bi daki-daki, rotil biyun ƙasa da notunansu ne farko, babu jinkiri. Tayirod in yana da wasa shi ma yana tare da su, don shi ne sitiyarinka. Sannan shokazoba biyun gaba, kada su wuce wata ɗaya ko biyu, don kada sabon rotil ya bi sawun na bara. Bushin da rotil na sama su biyo baya. Robobin istabilaiza da sifirin ɗin baya da ya zauna suna iya jira.

Masu wasu motocin da ke karanta wannan, kowa ya san irin ƙafar motarsa. Land Cruiser 70 da 80 da 105, da Nissan Patrol Y60 da Y61, aksil guda ne a gaba, ba su da wannan rotil ɗin. Nasu ciwon boris ɗin da kan taya ke juyawa a kai ne, alamarsa baƙin mai yana tsiyaya a kan dunƙulen ƙarshen aksil, ko sitiyari ya kama kakkarwa in an taka rami a kan gudu. Land Cruiser 100 da Pajero na 1991 zuwa 1999 sandar murɗawa ce ke ɗauke da gabansu maimakon sifirin, kuma akwai masu ƙara ɗaure ta don mota ta yi tsayi. Wannan yana karkatar da rotil da shaf fiye da yadda aka ƙera su, yana rage musu kwana. RAV4 rotil ɗaya gare ta a kowane gefe, nauyin motar ba a kansa yake zaune ba, amma shi ma in ya yi wasa canza shi ake yi.

Kai kuwa Alhaji, daga gida zuwa gareji ka tafi a hankali ƙwarai, babu lodi babu fasinja, in akwai nisa a kira makaniken ya zo ya yi aikin inda take. Bayan an gyara, duk lokacin da za a juye baƙin mai ka ce a murɗa sitiyari zuwa ƙarshe a haska rigunan robar nan huɗu, a kuma sa liba a gwada na ƙasan yadda na bayyana. In ka ratsa laka ko ruwa, a wanke ƙarƙashin motar kafin lakar ta bushe, amma kada mai wanki ya saita bakin tiyo mai ƙarfi a kan robar. Tun da hanyar Kusiri ce hanyarka, ka rubuta kilomitar da aka sa sababbin a littafin motar, ka sa a sake gwada su kafin damina da bayanta, kuma in sun yi 'yan shekaru a canza su ko ba su nuna komai ba.